Tambaya da Amsa: Wane Matoshi Ya Dace da Turamfet Fikolo?

Tambayoyin wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suka taru: miƙaƙƙen matoshi, wanda masu busa ke kira miyut, wato ɗan ƙoƙon nan mai tsini da ake cusawa cikin mazurarin turamfet don a rage masa ƙara a kuma sauya masa murya. Masu tambayar duk fikolo suke busawa, ƙaramin turamfet mai siririyar murya.

Assalamu alaikum. Na daɗe ina busa babban turamfet na B♭, kuma ina da matoshinsa mai kyau. Kwanan nan na samu fikolo. Da na saka masa wannan matoshin sai ya tsaya a bakin mazurari, ya ƙi shiga, daga baya ma ya faɗo. Ko in kankare kok ɗin har ya shiga, in huta da sayen wani? — Daga wani mai karatu

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka kankare, za ka ɓata matoshi mai kyau ne kuma ba za ka samu biyan buƙata ba. Fikolo nasa matoshin daban ne.

Bututun babban turamfet na B♭ ya kai kimanin santimita 148 in aka miƙe shi, na fikolo kuwa rabin haka ne. Faɗin bakin mazurarin babba wajen santimita 12 ne, na yawancin fikolo kuma tsakanin 9 da 10. Amma ba faɗin bakin ne ya hana matoshinka shiga ba. Wuyan mazurarin ne, can ciki inda yake tsukewa, domin nan ne kok ɗin, wato ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshe kwalba da shi, ke kamawa. Miƙaƙƙen matoshi yana da yanka uku na kok a jikin tsininsa. Aikinsu biyu ne: su riƙe shi kada ya faɗi, su kuma bar rata tsakaninsa da jikin ƙaho inda iska da sauti za su fita. In ka cinye kok ɗin da samfefa don matoshin ya shige, ka toshe wannan ratar ke nan. Iska za ta riƙa dawo maka, ƙarfe zai taɓa ƙarfe ya riƙa kaɗawa, kuma zai karce maka cikin mazurari.

Ko da ya shiga, akwai sauran magana. Cikin matoshi fanko ne, kuma iskar da ke cikinsa tana da nata amon, wanda girman cikin da faɗin ɗan bakin da ke tsininsa suke yankewa. Maƙerin ya auna su ne daidai da babban ƙaho. A jikin fikolo sai su yi ta faɗa da wasu sautukan, wani ya fita lafiya, na kusa da shi ya shaƙe.

Abin da kawai wani lokaci yake tsallakawa shi ne matoshin turamfet na D ko E♭, mai matsakaicin girma. Yakan zauna a fikolo mai ɗan faɗin wuya. In akwai wanda zai ara maka, gwada, amma kada ka saya da wannan zaton.

Salam. Na duba na ga akwai na alminiyam zalla, akwai mai gindin jan ƙarfe, akwai na faiba. Kuɗin guda ɗaya nake da shi. Wanne zan ɗauka? Kuma sunan kamfani yana da muhimmanci? — Daga wata ɗalibar busa

Malama, in guda ɗaya ne, ki ɗauki na alminiyam zalla. Ba don ya fi sauran daɗin murya ba, sai don shi ne yake yin aiki mafi yawa ba tare da ya ba ki kunya ba.

Kowane miƙaƙƙen matoshi yana danne kaurin murya ne, ya bar kaifinta ya wuce. Abin da aka ƙera shi da shi ne yake nuna yawan kaifin. Alminiyam ba shi da nauyi, yana amsawa da wuri, muryarsa tana da haske da ɗan zuzar nan da ke ratsa sauran kayan kiɗa. In marubucin kiɗa ya ce a saka matoshi bai faɗi iri ba, galibi wannan muryar ce a kunnensa. Aibinsa ɗaya: fikolo dama can siririn murya gare shi, to in kika matsa masa da ƙarfi a sama, sautin yakan koma tsiwa mai soke kunne. Sannan yana lotsewa da ƙaramar faɗuwa.

Mai gindin jan ƙarfe ya fi kauri da duhun murya. Yana jure busa mai ƙarfi ba tare da muryar ta tarwatse ba, kuma mutane da yawa suna sonsa a fikolo saboda yana mayar wa sautin ɗan jikin da ya rasa. Sai dai yana da nauyi, kuma nauyin duk a gindi yake, a waje. A ƙaho ƙarami ana jin wannan a hannu, yana jan gaban ƙahon ƙasa, kuma shi ya fi saurin zamewa. Yakan kuma ɗan yi jinkirin amsawa in ana busa a hankali. Mai gindin tagulla yana tsakanin biyun.

Na faiba, ko na katako, ba shi da wannan zuzar ta ƙarfe. Muryarsa a lulluɓe take, mai laushi, kamar daga nesa. Shi ake so in za a raka mawaƙi, ko a ƙaramin ɗaki, ko inda aka rubuta a busa can ƙasa-ƙasa. A tsakiyar babbar ƙungiyar makaɗa kuwa yakan nutse, sai ki ga kina ƙara ƙarfi don a ji ki, leɓe ya gaji a banza. Shi ne na biyun da za ki saya in hali ya samu.

Batun kamfani: Denis Wick na Ingila, da Tom Crown da Jo-Ral da Humes & Berg na Amurka duk suna yin matoshin fikolo, kuma kowannensu ana amfani da shi a manyan ƙungiyoyi. Amma a ganinmu sunan shi ne abu na ƙarshe da za ki duba. Fikolo ba su da tsari ɗaya kamar manyan turamfet. Akwai mai dogon mazurari irin Schilke P5-4, akwai gajere dunƙulalle irin na Selmer wanda mabushin Faransa Maurice André ya yi suna da shi, akwai masu bawul na juyi irin na Jamus kamar Scherzer (bawul su ne abin da ake dannawa da yatsa don sauya sauti). Wuyan kowanne daban yake buɗewa. Matoshin da ya zauna daram a ƙahon malaminki yana iya yin lilo a naki. Saboda haka ki tafi da ƙahonki wurin saye. In kuma daga nesa za a aiko miki, ki faɗi sunan ƙahon da lambarsa, ki tabbatar za a karɓa in bai dace ba. In ba haka ba cinikin biri a sama ne.

Na sayi sabon matoshin fikolo. Yana shiga, amma kusan babu bambanci da lokacin da babu shi, sai ɗan kaɗan. Wani ya ce mini sai an gyara kok. Yaya ake yi? — Daga wani mabushi

Gaskiya ya faɗa maka, ɗan'uwa. Masu ƙera matoshi sukan bar kok da kauri da gangan, domin ba su san ƙahon da zai shiga ba, kuma ragewa ta fi ƙarawa sauƙi. In kok ya yi kauri, matoshin yana tsayawa a waje, ratar ta yi faɗi, sauti ya fita kusan a buɗe. In ya yi siriri, matoshin ya nutse, busa ta yi tauri, sautukan ƙasa su shaƙe. Abin da kake nema yana tsakani, kuma tsakanin nan bai da faɗi: a fikolo rabin milimita ma ana jinsa.

Kafin ka taɓa komai, ka busa shi kamar mako guda. Sabon kok yana ɗan lanƙwashewa da kansa in ana saka shi ana cirewa, wani lokaci gyaran ke nan.

In bai isa ba, ka tanadi samfefa mai lamba 150 ko 180, da ɗan katako mai shafaffen gefe, da fensir, da alli, da na'urar auna sauti ko manhajarta a waya. Fara da duba inda kok ɗin ke taɓa ƙaho. Shafa alli a kan yankan uku, saka matoshin a hankali ba tare da murzawa ba, cire, ka leƙa cikin mazurari. Layi uku dogaye masu kama da juna ake so. In ɗigo uku ka gani, to gefe ɗaya na kok ne kawai yake kamawa, ma'ana gangaren kok ɗin bai bi gangaren wuyan ƙahonka ba. A nan ba kaurin duka za ka rage ba, wurin da ya taɓa kaɗai za ka ci har layin ya miƙe. Goge allin da tsumma mai laushi bayan kowane gwaji.

Daga nan sai rage kauri. Naɗe samfefa a jikin katakon, kada ka riƙe ta da yatsa, domin yatsa yana cin tsakiya ya bar gefe. Zana layin fensir a fuskar kowane kok daga sama har ƙasa, ka goga bisa tsawonsa har layin ya ɓace, ka tsaya. Yi wa na biyu da na uku daidai haka, kana ƙirga gugar, in biyar ce a nan to biyar a can. In ɗaya ya fi sauran ciwuwa, matoshin zai karkace, wani gefen ya matso jikin ƙaho. Don ka gane, riƙe ƙahon ka dubi mazurarin ta gaba: ratar da ke kewaye da matoshin ta zama ɗaya ta kowane ɓangare.

Bayan kowane zagaye ka hure garin kok, ka saka, ka busa. Sautukan ƙasa su ne alƙalai. Sauko daga sautin C na ƙasa rabin mataki bayan rabin mataki, wato daga kowane sauti zuwa na kusa da shi, zuwa G da F♯, sannan F da bawul na ɗaya da na huɗu. Muddin suna fita da jiki, kuma muryar tana ƙara kama da ta matoshi, kana kan hanya. Da zarar ɗaya ya fara rawa ko ya nemi tsinkewa, ka kai iyaka, ka ajiye samfefa. A nan ne mutane suke cewa bari in ƙara ɗan kaɗan, garin gyaran gira su rasa ido. Ka raba aikin kwana biyu ko uku, domin leɓen da ya gaji ba ya faɗin gaskiya, sai ka ɗora wa matoshi laifin da ba nasa ba.

In ka riga ka wuce gona da iri, ba a yar da matoshi. Masu gyaran kayan busa suna da fallen kok mai kaurin milimita ɗaya. Yanka daidai faɗin tsohon, shafa gam irin wanda ake shafa wa ɓangare biyu, bar shi kamar minti goma ya sha iska, manna, ka bar shi ya kwana, sannan ka sake gugar daga farko. In za ka cire tsoffin gaba ɗaya, zagaye gurbin kowanne da fensir tukuna don sababbin su koma wurinsu, tazara ɗaya tsakaninsu.

Duk lokacin da na saka matoshi sai abokan busata su ce na hau sama da su. Ni kuma ba na ji. Matoshin ne ba shi da kyau? — Daga wani mai busa a ƙungiya

Ba lallai ba ne, Malam. Ɗabi'ar miƙaƙƙen matoshi ce ya ɗan ɗaga sauti, a babban ƙaho da ƙarami. Dalilin da ya sa ba ka ji kuwa, murya mai kaifi tana ruɗin kunnen mai busa, ga shi abin da kake ji ta ƙashin kanka ya rinjayi abin da ke fita gaba.

Auna abin, kada ka yi ta musu. Ɗumama ƙahon sosai, busa C na tsakiya ba matoshi, ido a rufe, sannan ka buɗe ka dubi na'ura. Saka matoshi ka sake, nan ma ido a rufe tukuna, domin in kana kallon allura leɓenka zai gyara da kansa ba ka sani ba. Yi haka a G na ƙasa da E da G na sama. Na'urar tana ƙirga da sent, kashi ɗaya cikin ɗari na rabin mataki. In duka sun hau kusan daidai, misali sent 10 kowanne, matoshin lafiyarsa ƙalau. Yawancin fikolo ba su da babban lanƙwasan saiti irin na babban turamfet, da bututun da kofin leɓe ke shiga ake saita su. Sassauta ɗan sukurun, ja bututun waje. Kowace milimita tana sauke sauti da sent 2 da ɗan ɗori, don haka sent 10 na neman wajen milimita 4. Sa alamar fensir a wurare biyu a jikin bututun, ɗaya na buɗe ɗaya na matoshi, don kada ka tsaya lalube a tsakiyar kiɗa. Ka tuna yawancin fikolo suna zuwa da irin wannan bututun guda biyu, na A da na B♭, kuma kowanne da nasa alamar.

Inda matsala take shi ne in ba su hau tare ba: ƙasa ya hau da yawa, sama bai motsa ba, ko akasin haka. Jan bututu ba ya maganin wannan. Ka koma kan kok, domin zurfin da matoshi ya shiga yana taɓa saiti, kuma in gyaran kok bai daidaita su ba, wannan matoshin ba na ƙahonka ba ne.

Wani abu da ake mantawa: D da C♯ na ƙasa dama can a sama suke in aka danna bawul 1-3 da 1-2-3. Matoshi yana ƙara musu. Bawul na huɗu yana wurin ne har da wannan, danna 4 a madadin 1-3, da 2-4 a madadin 1-2-3.

In lokacin da aka ba ka na saka matoshi gajere ne, ba damar jan bututu, sai ka saita ƙahon tsakanin alamomin biyu, leɓe ya cike sauran.

Matoshina yana faɗowa a tsakiyar busa. Me zan yi? — Daga wata mai karatu

Ƙanwata, kafin ki saka shi ki yi huci cikin mazurari har ya yi gumi, ki tura matoshin da ɗan murzawa kaɗan. Danshin ne yake sa kok ya kama. In duk da haka yana zamewa, dubi fuskar kok ɗin. In ta yi baƙi tana sheƙi, maiƙon hannu da datti ne suka toshe ta. Guga biyu da samfefa ta ishe ta. Ki goge cikin mazurarin ma, musamman in kin shafa masa man goge azurfa. In ya ci gaba, ki yi gwajin allin da muka bayyana a sama, domin kok da ke kamawa da gefe ɗaya ba ya riƙo. Kada ki danna da ƙarfi don huce haushi, ƙarfen mazurari siriri ne, yana iya fitar da tabo uku ta waje.

Ina shirin gwajin shiga ƙungiyar makaɗa, kuma cikin abin da za a busa akwai wurin nan na Schmuÿle. Da fikolo zan busa. Wane irin matoshi ya fi, kuma yaya zan gwada su? — Daga wani ɗalibi

Allah ya ba da sa'a, ɗan'uwa. Ga waɗanda ba su san shi ba: Mussorgsky ya rubuta kiɗan Hotunan Baje Koli don fiyano a 1874, Ravel kuma ya mayar da shi na cikakkiyar ƙungiya a 1922, ya ba turamfet mai matoshi muryar Schmuÿle, matalaucin da ke roƙon attajiri. Sautuka ne na sama, ana maimaita su da sauri, ga tsawo, ga ƙarancin wurin hutawa. Shi ya sa mabusa da yawa suke ɗaukar fikolo ko turamfet na D a wurin.

Abu uku wurin yake nema daga matoshi. Na farko, kowane bugun harshe ya fito rarrabe, kada su cakuɗe. Na biyu, muryar ta kasance da ƙorafi da rawar jiki, wanda ke nufin ƙarfe, ba faiba ba. Na uku, kuma shi ne wanda ake kayar da mutane a kansa, kada matoshin ya riƙe iska. Wanda ya ɗan yi tauri ba za ka ji komai ba a layin farko, sai ka kusa ƙarshe, inda ake ƙara ƙarfi, leɓe ya ƙi. Saboda haka a wannan wurin mun fi son a bar kok da ɗan kauri fiye da yadda za a bar shi don busa mai laushi. Tsakanin alminiyam da jan ƙarfe kuwa, ƙahonka ne zai raba gardama: in dama mai haske ne sosai, jan ƙarfe zai daidaita shi, in mai kauri ne, alminiyam zai ba shi kaifin da ake so.

Wajen gwaji kada ka yarda da kunnenka kaɗai, domin kana bayan mazurari ne, masu sauraro suna gabansa. Nemi babban ɗaki, sa wani mai kunne ya zauna nesa, kamar mita goma, ya juya maka baya don kada ya ga wanda ka saka. In babu kowa, ajiye waya a can ta ɗauka. Kada matoshan su wuce uku a zama ɗaya. Busa wurin daga farko har ƙarshe da kowanne, ba layi ɗaya ba, ka huta tsakaninsu aƙalla tsawon lokacin da ka yi busa. Washegari ka juya jerin, wanda ya zo ƙarshe ya zama na farko, domin wanda aka gwada da sabon leɓe kullum shi yake cin nasara.

Ka gwada har da sakawa da cirewa. Matoshin fikolo ƙarami ne, wani gindinsa ba shi da wurin kamawa, yana suɓucewa daga hannu mai gumi, kuma in ya bugi bakin mazurari kowa zai ji. Ka saba ɗauko shi da hannun hagu daga wuri ɗaya kullum, kan cinya ko kan tsumma a gefen kujera. Da ka zaɓa, ka daina canzawa: makonnin da suka rage duk ka yi atisaye da shi, da bututun a kan alamarsa, kuma kada samfefa ta sake taɓa kok ɗin sai bayan gwajin.